Masu neman zama malaman jami'a a fannin koyarwa ta intanet, ga amsoshinku

Tambayoyin nan suna ta zuwa mini daga Garwa, Marwa da Kusseri har bakina ya gaji da maimaitawa, don haka na tara su wuri guda.

Malam, sai na karanta kimiyyar kwamfuta kafin in shiga fannin?

A'a. Reshe ne na ilimin koyarwa, ba na gyaran na'ura ba.

To na iya manhajojin koyarwa da taro ta intanet irin su Moodle da Zoom, hakan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma ku daina tunƙaho da shi. Lokacin da aka rufe makarantun Kamaru a watan Maris na 2020 saboda korona, malamai da dama sun riƙa ɗaukar hoton takardun darasinsu suna zubawa a WhatsApp, wani a karkace, wani rabin shafi ya yanke, suna cewa sun koyar. Mai tsara darussa yakan zauna da malamin da ya san fanninsa, su fayyace abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa a ƙarshen zango, sannan su gina ayyuka da jarrabawa a kan hakan. Tsarin gina darussa na ADDIE, wanda Jami'ar Jihar Florida ta samar wa sojojin Amurka a 1975, matakai biyar ne: nazari, tsarawa, haɗa kayan darasi, aiwatarwa da tantancewa. Yawancinku daga na uku kuke farawa.

Ina za a yi karatu ta intanet a inda wuta ba ta zama?

Ku kwantar da hankalinku, nan ne ma aka fi bukatarku. Idan rani ya yi tsanani ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta takan yi ƙaranci a Arewacin Kamaru, ga ɗalibi da waya ɗaya da ɗan datan MTN ko Orange da yake lallaɓawa. Wanda ya iya mayar da laccar sa'a biyu gajerun saƙonnin murya da ƙananan takardu da za a sauke sau ɗaya, shi ne gwani a nan.

Ina koyarwa a sakandare. In yi digiri na biyu ta intanet daga ƙasar waje, jami'a za ta ɗauke ni?

Wannan ba ta da amsa guda. Da farko ku duba wanda zai ba da takardar: akwai kwasa-kwasan nesa da hukumar jami'o'in masu amfani da Faransanci, wato AUF, take tallafa wa, waɗanda sanannun jami'o'i ke bayarwa, akwai kuma masu sayar da takarda kawai. Ko ta ƙwarai ce, a Kamaru sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ta tantance ta, kuma wannan yakan ɗauki lokaci, saboda haka ku bincika tun kafin ku biya ko sefa ɗaya. Sannan digiri na biyu zai iya samar muku aikin tsara darussa ko koyarwar wucin gadi, amma kujerar dindindin a jami'o'in Ngaundere, Marwa ko Garwa, wadda aka kafa a 2022, galibi sai da digirin digirgir, shi kuma sai kun sami farfesan da zai yarda ya duba bincikenku, kuma masana wannan fanni ba su da yawa a yankinmu. Shawarata, kada ku ajiye aikinku; ajin da kuke koyarwa shi ne filin bincikenku. Amma idan iyali sun yi yawa kuma babu tallafi, jinkirta shekara guda ba abin kunya ba ne.

Darussan da na gina za su kawo mini ƙarin girma?

Kaɗan ƙwarai. Masu duba ƙarin girman malaman jami'a, wato kwamitin CCIU a Kamaru da hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu wadda Chadi ke bi, maƙalun da kuka wallafa suka fi dubawa. Duk kwas ɗin da kuka tsara, ku tattara sakamakonsa ku rubuta a kai.

Sai na iya Ingilishi?

E, ko da na karantawa ne, domin yawancin mujallun fannin da shi ake buga su.