Fuskar Aikin Pandora: Abin da Aka Sa Rai Kafin Fitowarta

Pandora kwamfutar hannu ce ta wasanni, mai murfi da ake ninkewa, wadda ke aiki da babbar manhajar Linux. OpenPandora ne ya ƙera ta, wato haɗin gwiwar wasu tsofaffin dillalai da masu sha'awar na'urorin wasa na hannu GP32 da GP2X, cikinsu har da Michael Mrozek a Jamus, Craig Rothwell a Ingila, da Michael Weston wanda ya zana allon lantarkinta. An fara karɓar kuɗin masu oda a ƙarshen Satumbar 2008, amma na'urar ba ta fara isa hannun jama'a ba sai Mayun 2010. A tsawon wannan jira an san kayan cikinta dalla-dalla, abin da ba a sani ba shi ne yadda za ta bayyana idan an kunna ta. Fuskar aiki a nan tana nufin duk abin da ke tsakanin mutum da na'ura: abin da allo ke nunawa, yadda ake zaɓar wasa, aikin kowane maɓalli, da hanyar shigar da sabuwar manhaja.

Inda tsammanin ya samo tushe

Yawancin masu jiran Pandora daga GP2X suka fito. Kamfanin GamePark Holdings na Koriya ta Kudu ya fitar da ita a 2005, da allo mai fiksel 320 a faɗi da 240 a tsaye, da jerin zaɓi mai sauƙi da ake bi da maɓallai kawai. Masu amfani da ita da dama sun maye gurbin wannan jeri da GMenu2X, wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke jera wasanni rukuni-rukuni, tana kuma ba da damar saita saurin firosesa ga kowane wasa daban. Wannan ya saba musu da abu biyu: a kwafa wasa cikin katin SD ya yi aiki nan take, kuma fuskar da ba ta yi wa mutum ba ya cire ta ya sa wata.

Sauran misalan da ke gaban mutane a lokacin sun ja ra'ayi ta fuskoki daban. PSP ta Sony tana da jerin XMB, inda ake tafiya hagu da dama tsakanin rukunai, sama da ƙasa cikin rukuni. Nokia N810 da Asus Eee PC 701, dukansu na 2007, suna da allo mai fiksel 800 da 480 irin na Pandora kuma suna aiki da Linux, sai dai kowacce ta ɓoye teburin kwamfuta na asali ta sa manyan tambura a gaba. A shekarar ce kuma iPhone ta fito ta sa mutane suka fara ganin cewa yatsa kaɗai ya isa sarrafa na'ura.

Iyakar da kayan suka gindaya

Zuciyar na'urar ita ce OMAP3530 ta Texas Instruments, mai firosesa ARM Cortex-A8 da ke gudu a megahaz 600 da sashen zane PowerVR SGX530. Samfurin farko yana da ma'ajiyar aiki megabait 256, ma'ajiyar ciki megabait 512, da ramukan katin SD guda biyu. Amma abin da ya fi yanke hukunci kan fuskar aiki shi ne allon: inci 4.3 daga kusurwa zuwa kusurwa, da fiksel 800 da 480.

Lissafin yana da sauƙi. Wannan girma yana ba da fiksel kusan 217 a kowane inci, alhali manhajojin tebur na Linux an zana su ne bisa zaton fiksel 96. Tambari mai fiksel 16, wanda ya haura milimita 4 a kan allon tebur, bai cika milimita 2 ba a kan Pandora. Rubutu mai girman maki 10 yakan ci fiksel 13, wato kusan milimita ɗaya da rabi. Idan aka gaya wa manhaja ainihin adadin fiksel ɗin domin rubutun ya dawo girmansa, kowane layi zai ci fiksel 30, allon duka ya ɗauki layi 16 kacal. Ko dai rubutu ya yi ƙanƙanta, ko wuri ya ƙare, dole a tsaya wani waje a tsakani.

Tsayin allon shi ne babban ciwon kai. Tagogin saiti da yawa an yi su ne don allo mai tsayin fiksel 600 ko 768. A ce sandar ƙasa ta ci fiksel 30, kan taga ya ci 25, abin da ya rage 425 ne, sai maɓallan amincewa da sokewa su faɗa ƙasan allo inda ba a ganinsu. Maganin da aka saba da shi a Linux shi ne a danne Alt a ja tagar sama, amma wanda bai san wannan dabara ba zai ɗauka manhajar ta maƙale.

Allon taɓawar kuma irin mai jin matsi ne, mai shimfiɗu biyu da ke haɗuwa idan an danna, kamar na Nintendo DS. Yana gane wuri ɗaya ne a lokaci guda, yana son tsinken taɓawa ko farce fiye da tsokar yatsa, kuma sai an daidaita shi ta hanyar taɓa wasu ɗigo da yake nunawa, in ba haka ba manuni ya riƙa sauka gefen inda aka nufa. Ba shi da danna-dama, ba shi da shawagin manuni a kan abu ba tare da dannawa ba, kuma teburin kwamfuta ya dogara da waɗannan biyun sosai. Maɓallin da yatsa zai taɓa ba kuskure yana buƙatar kusan milimita 9, wato fiksel 77, don haka fuskar da aka yi wa yatsa ba za ta wuce layi shida ba daga sama zuwa ƙasa.

A ɓangaren wasa kuwa, wannan allo zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Hoton 320 da 240 idan aka ninka shi biyu yana zama 640 da 480, ya cika tsayin allon cif, ya bar fiksel 80 a kowane gefe. Na Game Boy Advance, 240 da 160, idan aka ninka uku yana zama 720 da 480. Ninki da cikakkiyar lamba yana hana hoto dishewa, abin da masu manhajojin kwaikwayon tsofaffin na'urori ke matuƙar kula da shi.

Na'urar wasa ko kwamfuta

Tsammanin ya rabu gida biyu, kuma siffar na'urar ce ta jawo haka, tunda tana ɗauke da maɓallan wasa da allon madannai mai maɓalli 43 a jiki ɗaya.

Masu kallonta a matsayin na'urar wasa sun so a kunna ta ta buɗe cikin ɗan lokaci, ta nuna tamburan wasanni manya, a zaɓa da maɓallin kwatance ba tare da zaro tsinke ba, sannan jerin ya janye gaba ɗaya da zarar wasa ya tashi. Hujjarsu ta fasaha ce: a na'ura mai megabait 256, duk abin da teburi ya riƙe an rage shi ne daga rabon wasa, kuma duk wani aiki da ke gudana a ɓoye yana iya sa hoto ya riƙa sarƙewa ko sauti ya yanke. Wasu ma sun ga babu buƙatar tsarin tagogi na X11 sam, wasa ya rubuta kai tsaye zuwa ma'ajiyar allo kamar yadda ake yi a GP2X.

Masu kallonta a matsayin kwamfutar aljihu sun so cikakken teburi: burauza, tagar umarni, manhajar rubutu, da damar buɗe abu biyu ko uku a lokaci guda. Hujjarsu ita ce dubban manhajojin Linux suna buƙatar X11, kuma cire shi tamkar jefar da dalilin sa allon madannai da Wi-Fi ne. Wannan ɓangaren ya fi gaskiya game da X11, wancan kuma ya fi gaskiya game da yadda ake riƙe na'urar. Wanda manyan yatsunsa biyu ke kan maɓallan wasa ba shi da hannu na uku da zai riƙe tsinke.

Kasancewarta buɗaɗɗiya ya sa wasu suka ɗauka cewa zancen bai da muhimmanci, tunda kowa zai iya sa abin da yake so. Haka ne, amma fuskar da na'ura ta zo da ita ce masu rubuta manhaja ke gwada aikinsu a kai, kuma ita ce mafi yawan masu saye ke zama da ita.

Aikin maɓallai

Na'urar tana da maɓallin kwatance, maɓallan A, B, X da Y, maɓallan kafaɗa biyu, Start da Select, maɓallin Pandora, da wasu ƙananan fayafai biyu masu zamewa a madadin sandunan analog, domin sanda mai tsayi za ta hana murfi rufuwa. Mafitar da aka ɗauka ita ce maɓallan wasa su riƙa aika saƙo irin na allon madannai. Maɓallin kwatance ya zama kibau huɗu, A da B suka zama Home da End, Y da X suka zama Page Up da Page Down, kafaɗun suka zama Shift da Ctrl na dama, Start ya zama Alt, Select kuma Ctrl na hagu. Ribar ita ce manhajar da ba a rubuta don Pandora ba tana amsa su ba tare da gyara ba, kuma riƙe kafaɗa yana ba da babban baƙi yayin rubutu da manyan yatsu. Illar ita ce haɗin maɓallai cikin wasa yana iya cin karo da gajerun umarnin teburi, musamman waɗanda suka ƙunshi Alt da Ctrl.

Fayafan suna da yanayi fiye da ɗaya. A kan teburi na hagu yana motsa manuni, na dama yana tsayawa a matsayin maɓallan linzami, a tura shi hagu ko dama gwargwadon dannawar da ake so. Wannan ya cike giɓin danna-dama. Wasa yana iya mayar da su yanayin sandar wasa idan ya tashi. Matsalar tana zuwa idan wasan ya mutu kafin ya mayar da su yadda suke, sai mutum ya dawo teburi ya tarar manuni ba ya motsi.

Tsarin PND

Ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da ta fi siffar jeri nauyi: ina manhajoji za su zauna? Hanyar Linux ta yau da kullum tana warwatsa fayilolin manhaja cikin tsarin na'ura, kuma megabait 512 ba za su ɗauki haka ba. Katin SD kuwa yawanci yana zuwa da tsarin FAT, wanda ba ya adana izinin fayil na Linux ko fayilolin da ke nuni zuwa wasu.

PND fayil ne guda ɗaya da ya ƙunshi hoton faifai, na ISO ko squashfs, tare da bayanin PXML mai ɗauke da sunan manhaja, rukuninta da umarnin tayar da ita, sai tambarinta. Ana yin folda mai suna pandora a kan katin, a cikinta a sa fayil ɗin a menu idan ana son ya fito a jeri, a desktop idan ana son shi a kan teburi, ko a apps idan ana son duka biyu. Wata manhaja da ke sa ido a ɓoye tana gano sabon fayil ta ƙara shi cikin jeri. Idan aka tayar da shi, ana ɗaura hoton faifan a matsayin na karatu kawai, duk abin da manhajar ta rubuta, kamar saiti da ajiyar wasa, yana zuwa foldar appdata a kan katin. Goge fayil ɗin shi ne cire manhajar, kuma sake ɗora babbar manhajar na'ura ba ya taɓa wasannin mutum. Farashin da aka biya shi ne maimaici: kowane PND yakan ɗauko nasa kwafin ƙananan sassan manhaja da yake buƙata, don haka abu ɗaya yana iya kasancewa a wurare da yawa, kuma gyara shi a wuri ɗaya ba ya gyara sauran. Zare kati yayin da manhaja ke aiki daga cikinsa kuma yana kashe ta, yana iya lalata ajiyar.

Abin da ya fito

Babbar manhajar da Pandora ta zo da ita an gina ta ne a kan Ångström, wani nau'in Linux na ƙananan na'urori, kuma ta ɗauki fuskoki biyu. Xfce cikakken teburi ne mara nauyi, Minimenu kuma jerin tambura ne rukuni-rukuni da ake bi da maɓallan wasa. A kunnawar farko ana tambayar mai na'ura wacce yake so, yana kuma iya sauyawa daga baya. Dukansu suna karanta fayilolin PND iri ɗaya, don haka mai rubuta manhaja ba sai ya zaɓi ɓangare ba. Samfuran 2012 sun ƙara ma'ajiyar aiki zuwa megabait 512, ɗaya daga ciki da firosesa mai gigahaz 1, abin da ya rage ƙarfin hujjar nauyin teburi. Magajiyarta, DragonBox Pyra, ta koma Debian, wani nau'in Linux daban, da allo mai inci 5, ta kuma riƙe tsarin manhaja a fayil guda da sunan DBP.