Raɗa wa saba suna: abin da ya kamata a sani

Me ya sa ake raba sabobi gida-gida?

Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe manhaja da bayanai don wasu su yi amfani da su. Ana raba su ne don kada gwaji ya taɓa bayanan jama'a. Akwai inda masu rubuta manhaja ke gini da rushewa, ana ce masa dev. Akwai staging, inda ake gwajin ƙarshe a yanayi mai kama da na gaske. Sai prod, wanda mutane ke amfani da shi kai tsaye.

To, ina ruwan suna da wannan?

Sunan ne abu na ƙarshe da ido ke gani kafin yatsa ya danna umarni. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab da ya yi dare yana aiki ya nufi goge rumbun bayanai a sabar db2, ashe a kan db1 yake, wadda ita ce babbar. Kusan gigabait 300 suka tafi, kuma bayanan kimanin awa shida ba su dawo ba. Lamba ɗaya ce tak ta bambanta sunayen biyu. Shi ya sa nake ganin muhalli (dev, staging ko prod) da matsayi dole su fito ɓaro-ɓaro, kamar prod-db-primary-01 da stg-db-01. Mutumin da barci ke fizga ba ya tantance 1 da 2.

Sunaye irin na taurari ko dabbobi fa?

Takardar RFC 1178 ta 1990, ɗaya daga cikin takardun jagora na intanet, ta ba da shawarar haka, saboda aikin na'ura yana sauyawa. Da sabobi biyar, babu laifi. Da ɗari biyar, wa zai tuna aikin kowace?

Idan aikin saba ya sauya, sunan ya zama ƙarya ke nan?

Nan ne CNAME ke da amfani, wato rijistar laƙabi a DNS, tsarin da ke haɗa suna da adireshin na'ura. Na'ura ta riƙe sunanta na dindindin, sunan aiki kuma ya zama laƙabi a DNS da za a iya mayarwa kan wata.

Akwai ƙa'idojin rubutu?

Haruffan a zuwa z, lambobi da karan ɗori kawai, kuma karan ba ya zuwa farko ko ƙarshe. Kowane yanki tsakanin ɗigo biyu ba ya wuce harafi 63. A Windows, sunan NetBIOS, wato sunan kwamfuta a tsohon tsarin sadarwa, harafi 15 ne iyakarsa.

Wace wutsiya (ƙarshen suna, kamar .com) za a sa wa sunayen cikin gida?

Kada a ƙirƙiro ta da ka. Masu amfani da .dev sun sha wuya a 2017, lokacin da burauzar Chrome ta tilasta HTTPS (haɗi mai tsaro) a kanta, domin wutsiyar mallakar Google ce. An ware .local don mDNS, hanyar da na'urori ke gano juna da suna a sadarwar cikin gida. Mafi aminci shi ne reshen sunan intanet (domain) da kuka mallaka, ko .internal da ICANN, hukumar kula da sunayen intanet, ta keɓe a 2024.