Kunkurun teku mai koren kitse: tambayoyin ɗalibaina da amsoshinsu

Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a karkarar Haɗejiya. Ranar da wani masunci ya kawo kififiya kasuwar ƙauyenmu, yara suka biyo ni har gindin darbejiya suna tambaya ko a teku ma akwai irinta. Akwai danginta, kuma ga yadda hirarmu ta kasance a kan ɗaya daga cikinsu, wato kunkurun teku mai koren kitse.

Malam, da gaske kore ne?

Ƙoƙon bayansa ruwan ƙasa ne ko baƙi-baƙi. Kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon shi ne kore, domin babbansa ciyawar ƙarƙashin ruwa da gansakuka yake ci. Ƙoƙon kan kai mita ɗaya, nauyinsa kan kai kilo 150. Ƙafafunsa na gaba kamar filafilin kwale-kwale suke, kuma ba ya iya ƙunshe kai a ciki irin na kunkurunmu na tudu.

Shekara nawa yake yi kafin ya girma?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Uwar takan fito gaɓa da dare, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kamar ɗari, ta rufe da yashi, ta koma ruwa. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito, kowanne bai cika tafin hannun yaro ba. Tun kafin su isa ruwa kaguwa da tsuntsaye sun fara ɗiba, a ruwa kuma kifi na jira. Ana ƙiyasta ɗaya cikin dubu ne ke kai wa ga balaga.

Wanda ya tsira sai ya ɓace a tsakiyar teku na wasu shekaru. Idan ya kai faɗin faifai, ya dawo ruwan gaɓa marar zurfi ya kama kiwo, yana ƙaruwa da 'yan santimita a shekara. Macen takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta fara ƙwai. Na ce wa wani ɗan aji ɗaya, wadda aka ƙyanƙyashe bana, kafin ta saka ƙwan farko mai yiwuwa ka aurar da 'yarka.

Yaya masana ke gane ko suna ƙaruwa?

Ku tuna Bafulatani. Ba ya tsayawa a ƙirga kawuna, sai ya duba maruƙa nawa, karsana nawa, shanun tatsa nawa, bijimai nawa. Haka masana ke kama kunkurun, su auna ƙoƙonsa, su maƙala masa lamba a ƙafa, su sake shi, sannan su ƙirga ramukan ƙwai a gaɓa.

Zafin yashi ne ke sa a sami mace ko namiji. Idan ya haura kusan digiri 29, mata ke rinjaye. Wani bincike na 2018 a arewacin gaɓar Ostareliya ya gano fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananan kunkurun wurin mata ne. Garken da ba bijimi, kun san makomarsa.

Akwai su a Afirka?

Sosai. Tsibirin Poilão na Gini Bisau ne babbar matattarar ƙwansu a nahiyar, suna zuwa tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini, ana kuma ganinsu a gaɓar Nijeriya. Wasu kan taso daga Barazil su ninƙaya fiye da kilomita 2,000 zuwa tsibirin Asenshon da ke tekun Atlantika tsakanin Barazil da Afirka, inda aka ƙyanƙyashe su.

Suna ƙarewa ne?

An daɗe ana cin namansu da ƙwansu, raga na shaƙe su, fitilun bakin ruwa na ɓatar da 'ya'yan su nufi gari maimakon teku. A 1982 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Aka shiga gadin gaɓa, aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, aka yi wa ragar jiragen kamun kifi ƙofar tsira. A Oktoban 2025 ƙungiyar ta fitar da su daga wannan rukuni, ta ce sun ƙaru da kusan kashi 28 cikin ɗari tun shekarun 1970. Na ji daɗin labarin ƙwarai, amma har yanzu wasu yankuna raguwa suke yi.

Mu da ba mu da teku, Malam, mene ne namu?

Da yawanku za ku je Legas ko Fatakwal ci-rani. Idan an tallata muku ƙwansa ko namansa, kada ku saya. A nan gida kuma, ku roƙi iyayenku masunta, duk kififiyar da ta shiga koma tana ƙarama, a mayar da ita ruwa.