Tsinkewar murya a wayar ofis: ba kullum ƙarancin intanet ba ne

Da zarar murya ta fara tsinkewa a wayoyin ofis masu aiki da intanet, abin da ake fara cewa shi ne a sayi layi mai ƙarfi. Sau da yawa kuɗin a banza suke tafiya. Kira ɗaya da tsarin G.711, wanda ke mayar da murya zuwa bayanan dijital, yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, kira 20 a lokaci guda ma ba su cika megabit 2 ba.

Abin da murya ba ta jurewa shi ne makara. Ana yanka ta guntu-guntu, yawanci na milidaƙiƙa 20, kuma guntun da ya makara zubar da shi ake yi. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin zuwa kada ya wuce milidaƙiƙa 150. Wani na loda babban fayil, sai guntayen murya su bi layi a bayansa cikin rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet. Maganin shi ne a ware wa wayoyi VLAN nasu, wato sashensu na daban a hanyar sadarwar ofis, a sa musu alamar DSCP 46 mai nuna a ba murya fifiko, sannan a tabbatar swic (akwatin da ake jona na'urorin ofis a jikinsa) da rauta suna aiki da alamar, don sa ta kaɗai ba ya gyara komai.

Idan kuwa an ɗauki waya amma mutum ɗaya ne ke jin ɗan'uwansa, gudun layi ba shi da laifi. Tsarin SIP ne ke haɗa kira ta ƙofa (port) mai lamba 5060, murya kuma tsarin RTP take bi ta wasu ƙofofi daban na UDP, wata hanyar aika bayanai a intanet. A duba ko an toshe su, a kashe SIP ALG, saitin rauta mai sauya saƙonnin SIP, don yakan ɓata adireshi. Wireshark, manhajar duba bayanan da ke wucewa a layi, zai nuna inda guntayen suka tsaya.