Canjin gwiwa: rabin aikin a gida ake yin sa

Ba a yin ranar kasuwa ban ga tsoho ko tsohuwa da ciwon gwiwa ba a ƙaramin asibitinmu da ke ƙasar Ringim. Wata ta sauko daga babur da ƙyar, ta dafa ƙofa ta ce, "'Yar nan, gwiwar nan ƙara take kamar ana niƙa." Mutane kan ce amosani ne ko sanyin ƙashi. Yawanci guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwan ne ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. In ya ƙare ba ya tsirowa. Tsaga da ƙaho ba sa dawo da shi, ƙwayoyin kashe zafi na kemis kuwa, in aka daɗe ana sha, ciki da ƙoda suke taɓawa.

Ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Amma wanda ciwon ya hana shi barci da zuwa gona, likitan ƙashi zai iya ba shi shawarar canjin gwiwa, kuma ana yi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ba gwiwar ake cirewa ɗungurungum ba, kamar yadda ake tsoratar da mutane. Saman ƙashin da ya lalace ake ferewa, a ɗora ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakani. Aikin awa 1 zuwa 2 ne, galibi da allurar baya, kuma irin wannan gwiwa kan kai shekara 15 zuwa 20, wata ma ta wuce.

'Ya'ya masu waya suna yawan tambayata wace hanyar yanka ce ta fi. Mafi yawan likitoci ta gefen ƙoƙon gwiwa suke shiga, su tsaga jijiyar naman cinya. Wasu kan bi ta ƙarƙashin naman, su bar jijiyar. Mai irin wannan yakan riga ɗaga ƙafa a makonnin farko, amma bayan 'yan watanni da wuya ka bambance su. A ganina, a bar likita ya bi hanyar da hannunsa ya saba. Abin da ke raba masu jinya yana gida.

Na ga haka a mutum biyu. Wani dattijo, washegarin aiki aka miƙar da shi da ƙarfen dogarawa. Da ya dawo ƙauye, kullum jikansa yana zaunar da shi a bakin gado, yana ja da diddige baya yana miƙewa, gumi na keto masa. Na ce, "Baba, da zafi ko?" Ya ce, "Da zafi, amma ba irin na da ba." Cikin mako 6 sanda kaɗai yake riƙewa zuwa masallaci.

Ita kuwa Inna, tausayi ne ya cuce ta. 'Ya'yanta suka kwantar da ita, suka tura matashi a ƙarƙashin gwiwar, ko kofi ba sa bari ta ɗauka. Da na je duba ta, gwiwar ta sage, ba ta lanƙwasa ba ta miƙe sosai. Sai da aka mayar da ita asibiti aka sa ta barci aka lanƙwasa. Abin ya yi mini ciwo, don da so suka yi. Matashi a ƙarƙashin diddige ake sa shi, ba a bayan gwiwa ba.

Tun kafin a tafi, a gyara gida. Masai na tsuguno ba zai yiwu ba, a sa kafinta ya huda kujera mai ƙwari. A bar tabarma, a koma gado mai ɗan tsayi. Salla a kan kujera za a yi, kuma da yawa ko bayan sun warke durƙuso yana yi musu wuya. Mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna, mai ruɓaɓɓen haƙori ya yi maganinsa. Kumburi da ɗan rashin jin taɓi a fatar gefen tabon kan ɗauki watanni, cikakken sauƙi har shekara guda.

Kada a shafa man zafi ko garin magani a kan ɗinki, kada a kai wa mai ɗori. In aka ga zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ɗinkin, ko sharaɓa ta kumbura tana zafi, a koma asibiti a ranar. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko da tsakar dare ne a nemi mota.