Nazarin adabin duniya da harsuna da yawa: tambayoyin da ɗalibai ba sa gajiya da yi

Malam, mene ne adabin duniya?

Rubutun da ya tsallake iyakar ƙasarsa da harshensa, ana karanta shi a wani wuri. Goethe, marubucin Jamus, shi ne ya yayata batun a 1827. Sauran ku nema a laburare.

Ashe ba wanda aka rubuta da Turanci ake nufi ba?

A'a. Wa ya gaya muku?

To me ya kawo zancen harsuna da yawa?

Saboda gari ɗaya ba ya magana da baki ɗaya. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci da Hausa, kowanne da masu sauraronsa. In na Hausa kaɗai ka karanta, ba ka san ta ba tukuna. Haka arewacin Indiya yake da Hindi da Urdu da Farisanci. Wani shirin bincike na SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka da ke Landan, ƙarƙashin Francesca Orsini, a kan wannan ya tsaya: Indiya, da ƙasashen Magrib na arewacin Afirka, da Habasha da maƙwabtanta. A taron marubutan Afirka da aka yi a kwalejin Makerere ta Uganda kuwa, a 1962, sharaɗin shiga shi ne rubutu da Turanci, don haka masu Swahili da Hausa ba su da kujera. Wannan ramin ake ƙoƙarin cikewa.

Sai na iya harsuna nawa?

Biyu da kyau sun isa ka fara. Daina tsorata kanka, yawancinku kun riga kuna da uku tun daga gida da makarantar allo.

Ina so in kwatanta littafin Hausa da na Hindi, amma ban iya Hindi ba. In dogara da fassarar Turanci?

Ya danganta da abin da kike nema. In tsarin labari ne, ko yadda aka nuna zaman kishiyoyi da rabon gado, fassara za ta iya ɗaukar ki, muddin kin faɗa a gabatarwa cewa da ita kika yi aiki, kin kuma ambaci mai fassarar. In salo ne, ko karin magana, ko amon waƙa, to ba na ba ki shawara, domin abin da za ki yaba ko ki kushe na mai fassara ne. Akwai kuma wata matsala: ba kowane littafi ake fassarawa ba, masu buga littattafai ne ke zaɓa. Dubi namu. Dubban littattafan Kano suna kasuwa, amma da aka fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci a 2012, a Indiya ma aka buga shi, sai wasu a waje suka ɗauka shi ne duk adabin. Kada ki yi wa Hindi haka. In fassarori biyu ne, karanta duka. In kin samu mai jin harshen, ki zauna da shi a kan shafukan da hujjarki ta rataya a kansu. Ko da haka, wani mai jarrabawa zai iya ƙi, don haka ki ji ta bakin mai duba aikinki kafin ki yi nisa.

Zan iya amfani da Google Translate?

Don duba kalma, to. Don baitin waƙa, kada in gan shi a kundinka.