Ƙarfin Feshi Ba Shi Ne Tsafta Ba

An daɗe ana ɗauka cewa gwargwadon ƙarfin injin feshi, gwargwadon yadda bango zai fita fes. Shi ya sa mai gida kan ɗauko yaran wankin mota ya ce, "Ku ƙure shi!" To, ƙarfin ruwan famfo bai cika wuce bar 4 ba (bar ma'aunin ƙarfin fitar ruwa ne), injin nan kuwa yana kai 100 zuwa 150. A kan daɓen siminti babu laifi. A jikin bango kuwa, fenti zai riƙa ɓarewa, ruwa ya kutsa tsaga da gefen taga, kwana biyu danshi ya fito cikin ɗaki. Ginin laka kam kada ma a fara.

Baƙin da damina ke bari a jikin bango yawanci gansakuka ce, abu mai rai. Feshi samanta kawai yake kankarewa, ta sake dawowa. Bilic da aka sirka da ruwa ke kashe ta: a shafa, a jira kamar minti 10, a ɗauraye a hankali. Kafin a daidaita kuɗin aiki, tambayi mai wankin ko zai rufe soket da mita.